Yadda Na Yi Jinyar Surukina a Ƙasar Faransa

Alhaji Lawal, wan matata, ya tsaya cikin taron sunan ɗansa a Faskari ya ce ni Garba ba ni da kunya, wai na tuɓe surukina na wanke shi kamar jariri. Ya faɗa yana dariya, jama'a suka taya shi, don a zamanin nan mai mota ko atishawa ya yi sai an ce ya yi hikima. Ba ni wurin lokacin. Da na iso aka kawo tuwo, na sa hannu a akushi, sai na ga mutum biyu sun janye nasu, wai sun ƙoshi. Ko loma ba su kai ba.

Tun da na dawo ake tare ni a rumfata ta facin keke a kasuwar Yankara, ana "Garba, yaya Faransa?" Ƙasar Nijar ke nan, haka muka tashi muka ji ana ce mata. Wasu labarin ƙasar suke so, wasu kuwa so suke su ji ko da gaske ne abin da Alhaji ya faɗa. Da gaske ne. Na gaji da maimaitawa da baki, shi ya sa na zamna na rubuta. Karatuna a elementare ya tsaya, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Surukina ba zan kama sunansa ba, Baba nake ce mashi. Tsohon bafatake ne, ya yi fataucin shanu har ƙafarsa ta san kowace rijiya tsakanin Sabuwa da Maradi. Bayan kaka ya faɗi a bakin rumbu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. An kai shi babban asibitin birni, sabon gini, fenti na ta ƙamshi. Aka ba shi ƙwayoyi aka ce a koma gida, sauran sai jinya. Yadda ake jinyar ne ba wanda ya faɗa, mu kuma ba wanda ya tambaya.

Alhaji bai yi rowa ba, wannan ba zan ɗora mashi ba. Kwangila ta karɓe shi, kwalbatocin sababbin hanyoyi yake zubawa. Ya sayo katifa daga Kano, ya sayo fanka a garin da ba lantarki, ya sayo turare kwalba-kwalba. Amma shi ɗan fari ne, daga bakin ƙofa yake gaida ubansa. Ni suruki ne, a tsakar gida nake durƙusawa in gaida bango. Matata tana jego. Tsohuwa kuwa, matar Baba, ido ya tafi, ko tulu ba ta iya ɗagawa, iyakarta ta goge mashi inda hannunta ya kai. Haka Baba ya kwanta rigingine wata da watanni, kowa na girmama shi.

Sai wari ya fara. Aka ƙara turaren wuta. Zazzaɓi ya shigo, ya daina cin abinci. Rannan da bakinsa da ba ya fita sosai ya ce a kai shi arewa, akwai wani asibiti gaba da Maradi inda aka taɓa warkar da ruɓaɓɓiyar ƙafar wani abokin fataucinsa. Alhaji ya ce ina aka taɓa barin ƙasar mai a tafi ƙasar yunwa neman magani. Da warin ya kai zauren gidan Baba, inda Alhaji ke saukar baƙinsa, sai ya yarda.

Ya ce mani, "Garba, rakiya kawai za ka yi. Ka miƙa shi ga likitoci. Ina da kuɗin kwangila da zan karɓo a Kaduna, da an sallame ni ina bayanku."

Har yau yana bayanmu.

Muka shimfiɗa katifar a bayan akori-kurarsa sabuwa, muka ɗaura tamfol, mutum huɗu suka ɗauko Baba da zanen da yake kwance a kai. Sani direba a gaba, ni a baya wajen ƙafafun Baba, na juya mashi ƙeya ina kallon hanyar da muka baro. Daga Sheme zuwa Kankara ana aikin hanya, an tone ta ko'ina, manyan motocin ƙasa na ture mu cikin gonakin mutane. Kowane rami muka faɗa sai Baba ya yi nishi, ni kuma in ce "Sannu" ba tare da na waiwaya ba.

A Kankara yunwa ta kama ni. Ba ni iya cin abinci gaban suruki, sai na sayi fura na laɓe bayan wata tirela ina sha a tsaye. Ban ankara ba tirelar ta tashi, ta bar ni fili da ludayi a baki, daidai saitin idon Baba. Na zubar da rabin furar a rigata. Sani ya yi dariya har ya riƙe ciki.

Ya ce, "Malam Garba, in haka za ka yi har Faransa, kai za a kwantar, Baba ya yi jinyarka."

Mun kwana Katsina a zauren wani ɗan'uwan Sani, mai sayar da fata. Mutumin kirki, ya ba mu tuwon gero da miyar kuka, amma ya ce a bar Baba cikin mota don iska ta fi kaɗawa a can. Majemi ne fa, hancinsa ya saba da warin fata, duk da haka ya faɗi wannan. 

A Jibiya 'yan kwastan ɗinmu suka ga sabuwar mota suka ɗaga mana hannu. Can gaba sai ga jandarma, sojan hanyar Faransa, siriri kamar kara, da gajeren wando. Hanyar cike take da mutane, duk kudu suka nufa, da jakuna da tabarmi da 'yan awakin da fari ya rage masu.

Ya ce, "Kowa Ingilishi shika tahiya, ku kun nuho nan. Mi kunka ɗauko?"

Su Ingilishi suke ce wa ƙasarmu. Ya nemi katin shaida, ba mu da shi, don mu nan fuskar mutum ita ce shaidarsa. Ya ce ba mu wucewa. Sani ya fara lallashi, shi kuwa ya zagaya ya ɗaga tamfol da bakin sandarsa. Ya tsaya. Ya dubi Baba, ya gaishe shi da ladabi, ya saki tamfol ɗin a hankali.

Ya ce, "Ku tahi. Kada ku tsaya cin abinci Maradi."

Asibitin ba abin kallo ba ne. Dogayen ɗakuna ne na kwano, farar ƙasa ta fara zuba, ko rabin namu na birni bai kai ba. Masu jinya a tsakar fili suke zama ƙarƙashin bedi, wato itacen dogon yaro, kowa da murhunsa da tabarmarsa, nan ne masaukinmu. Sani ya sauke mu ya juya, ya ce Alhaji na jiran motarsa.

Babbar ma'aikaciyar jinya ta ɗakin maza Majo suke ce mata, haka ake kiran shugaban ɗaki a can. Sunanta Rabi, Bagobira ce mai zane a kumatu, gajera, ta manyanta, muryarta kamar ta mai kiran kasuwa. Ta zo da wani ma'aikaci suka mirgina Baba. Ni na nufi ƙofa.

Ta ce, "Kai, mutumin Ingilishi! Taho nan ka gani."

Na ce, "Surukina ne."

Ta ce, "Ban tambaye ka ba. Taho."

Na zo. A ƙasan bayansa, inda ƙashi ke taɓa shimfiɗa, akwai rami, dunƙulen hannuna zai shiga. Gefensa baƙi, cikinsa ruwa. Akwai wani ƙarami a ƙugu, dugadugansa duka biyu sun yi baƙi. Zanen ya manne da nama. Na yi shekaru ina durƙusa wa mutumin nan, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ranar da na fara ganin jikinsa abin da na gani ke nan.

Na tambaye ta wace irin cuta ce wannan, ko sammu ne. Ta ce ba sammu ba ne, kwanciya ce. Nauyin mutum ke danne naman da ke tsakanin ƙashi da shimfiɗa, jini ya kasa zuwa wurin, naman ya mutu. Mai lafiya ko cikin barci yana juyawa bai sani ba. Wanda ya shanye sai an juya shi. Ta tambaye ni wa ke juya shi a gida. Na lissafa mata: ɗansa ɗan fari ne, ni suruki ne, ɗiyarsa mace ce, ƙannensa suna jin nauyinsa.

Ta gyaɗa kai kamar ta riga ta san amsar. Ta ce ta daɗe tana lura da wannan. Duk wanda aka kawo mata da gyambon kwanciya sai ta tambayi wa ke jinyarsa, kuma mene ne shi a gidansu. Tsofaffin mata da ɗiyansu mata ke jinya, bayansu lafiya lau yake zuwa. Yara ma haka. Talakan da ba a jin nauyinsa, ko ƙaninsa ya mirgina shi da ƙafa, ya dai mirgina shi. Amma maigida, liman, mai gari, waɗannan su ke zo mata a ruɓe. Ta ce da farko ta zaci tsufa ne ko ƙiba, sai ta gwada tsoho da tsoho, mai jiki da mai jiki, ta ga ba nan take ba.

Ta ce, "Gwargwadon girman mutum a gidansu, gwargwadon zurhin raminsa. Wanga tsoho ana ganin girmansa ƙwarai."

Ban taɓa jin yabo mai ciwo irin wannan ba.

Likita Bature ya zo ya yanke mataccen naman, aka yi wa Baba allurai don zazzaɓin. Majo ta ce wannan shi ne ƙaramin aikin. Ma'aikatanta ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, gadaje kuwa har baranda, don haka ta mai da masu jinya ma'aikata. An rataye tsohon wilin mota a jikin bedi. In aka buga shi, safe da hantsi da rana har dare, kowa ya bar abin da yake yi ya je ya juya majinyacinsa, ɗaki duka lokaci guda. Ta haɗa mu biyu-biyu, maƙwabcin gado da maƙwabcin gado, don mutum ɗaya in ya ja majinyaci fatar yake saɓulewa. Kowace safiya kuma ta tara mu ta nuna abu ɗaya tak, ta sa kowa ya yi a gabanta. Wanda ya yi daidai ba ta yabonsa, wanda ya kuskure kuwa har masu dahuwa a fili sai sun ji sunan garinsu.

Maƙwabcina wani Buzu ne, Agali, dogo, fuska a naɗe sai ido. Wansa yake jinya, raƙumi ya kayar da shi ya karya mashi baya. Dabbobinsu duk fari ya cinye, amma bai fasa dafa shayi ba, mai ɗaci kamar maɗaci, a ɗan kofin da bai fi kurɓi biyu ba. Shi ya koya mani cin burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, in ya kwana sai ka jiƙa shi, in ba haka ba ya fasa maka dasashi. Da na gaya mashi damuwata sai ya ce su ma haka suke, gaban suruki Buzu yana jan rawani har kan hanci, ko ruwa ba ya sha. Muka shirya: shi ya riƙa wanke Baba, ni in wanke wansa. Na je na gaya wa Majo ina jiran faɗa.

Ta ce, "Ku yi. Hannu dai nika so, ba ruwana da na wane ne. Amma Buzun ga ba shi bin ka Ingilishi. Ka tuna."

A jikin wan Agali na koyi aikin. Ba a tuɓe mutum gaba ɗaya, ashe. Ana lulluɓe shi da zane, a buɗe hannu ɗaya a wanke a tsane a rufe, sannan a buɗe wani wurin. Kafin ka taɓa shi ka gaya mashi abin da za ka yi, ko da kana zaton ba ya ji. A ja zanen gado ya miƙe, don ƙudurin zane ko ɓarɓashin abinci ya isa ya fara gyambo. A sa matashi tsakanin gwiwoyi, a ɗage dugadugai kada su taɓa komai. In ka ga wuri ya yi ja, danna da yatsa; in bai yi fari ya dawo ba, kada a sake kwantar da shi ta nan. Ramin kuwa da dafaffen ruwan gishiri ake wanke shi, ba toka, ba man shanu, ba garin magani. Ta ce ja a cikin rami rai ne, baƙi mutuwa ne. Ga abinci: wake, ƙwai, nono, ɗan nama in an samu, don rami da nama ake cike shi, naman kuma ta baki yake shiga. Baba ya ce shi ba yaro ba ne da zai sha ɗanyen nono da ƙwai. Majo ta tsaya kansa ta ce ita ma ba ɗiyarsa ba ce da za ta ji tsoronsa. Ya sha.

Ana nan wan Agali ya rasu. Ba gyambo ya kashe shi ba, bayansa sumul yake, ni na sani. Ƙirjinsa ne ya cika. Muka yi mashi sutura muka kai shi. Da Agali zai tafi ya kwance wani tsohon rawani baƙi daga kayansa ya miƙa mani.

Ya ce, "Naɗa. In bai ga bakinka ba, rabin kunyar ta tafi."

Gadon da ke kusa da mu ya zama wayam. Aka buga wili. Duk ɗaki ya motsa, kowa ya kama nasa, ni ina tsaye. Ramin Baba ya fara ja, ya fara tasowa daga ƙasa, na san in aka bar shi kwance a kansa aikin duk ya koma baya. Na dubi Majo. Tana can ƙarshen ɗaki hannunta cikin ciwon wani, ko ɗagowa ba ta yi ba. Na fita baya na naɗa rawanin nan yadda na ga Agali na yi, na dawo da ruwa a daro, ido kawai a waje. Wani mai jinya ya kama mani muka juya Baba. Na sauya murya na ce, "Tsoho, za a goge maka hannu."

Na wanke hannun da ya shanye. Na wanke ɗayan. Ina cikin goge kafaɗa sai rawanin ya warware, jelarsa ta faɗa cikin daro, na tsaya ina kokawa da shi da jiƙaƙƙen hannu. Sai na ji gadon na girgiza. Na zaci wani abu ya same shi. Ashe dariya yake, da rabin bakin da ya rage mashi.

Ya ce, "Garba. Cire tsumman nan. Buzu ba ya warin man keke."

Na saki jelar rawanin ta koma cikin daro.

Ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yi aikinka, ɗana."

Tun da na auri ɗiyarsa bai taɓa kiran sunana ba sai ran nan. Na cire rawanin na ajiye. Na yi aikina. Ba zan ce ban ji kunya ba, na ji ta har cikin ƙashi. Sai dai na gane ba ta kisa, ramin ne ke kisa.

Mun daɗe a can, har zafin bazara ya shigo. Ramin ya cike ya bar tabo kamar bakin jaka. Baba ya fara zama a jingine, yana ba masu jinya labarin rijiyoyin da ya sha. Ran da za mu taho Majo ta sa na yi komai daga farko har ƙarshe tana kallo, ba ta gyara mani komai ba, wannan shi ne yabonta. Ta ce tabon nan ba shi da ƙwarin fata, in aka yi sakaci zai buɗe fiye da da. Na yi mata godiya. Ta ce in riƙe godiyata, in dai kar in sake kawo mata shi. A motar haya muka dawo, Baba kwance kan cinyata, muna cin burodi ɗaya.

Da muka iso na ci gaba. Kullum in taka keke in je in wanke shi, na koya wa matata da wani ƙanin Baba juyi don lokacin da ba ni nan. Ba a ɓoye nake yi ba, gari ya gani. Mutane suka fara cewa suruki ya yi abin da ɗa bai yi ba. Wannan ce ta ci Alhaji, shi ya sa ya riga su da dariya ranar suna.

Bayan maganar akushi na yi fushi na ɗauke ƙafa. Na ce tunda rashin kunya ce, masu kunya su yi. Ƙanin Baba da ya ji abin da ake faɗa shi ma ya janye hannu, ya bar matata ita kaɗai, ita kuwa ba ta iya ɗaga shi. Ba a jima ba ta same ni a rumfa, goyo a baya, ba ta ce mani komai ba sai "Wurin ya yi ja." Na je na duba. Na danna da yatsa, bai yi fari ba.

Matata ta kama mani muka juya shi, na gyara mashi kwanciya. Sannan na ɗauki daro da sabulu da tsumma na nufi ƙofar gidan Alhaji. Yana kan kujera cikin 'yan amshin shatansa, ana sauraren rediyo. Na yi sallama, na dire daron a gabansa har ya taɓa takalminsa.

Ya ce, "Garba, lafiya? Mene ne wannan?"

Na ce, "Alhaji, kayan rashin kunya ne na kawo maka. Ka ce na ga tsiraicin Baba. Na gani. Na ga ramin da kunyarka ta haƙa mashi a baya, hannuna ya shiga ciki har wuyan hannu, kai ko warinsa ba ka iya tsayawa ji ba. Yanzu wurin ya sake ja saboda bakinka. La'asar ta kusa, lokacin juyi ya yi. Ubanka ne, ba nawa ba. Tashi mu je in nuna maka inda ake sa hannu, ba zan gaya wa kowa ka gani ba. In kuwa ba ka iyawa, ni zan ci gaba har ran da Allah ya karɓi abinsa. Amma ka riƙe bakinka yadda ka riƙe hannunka."